Gurmi da na'ura a ƙungiya ɗaya: yadda ake haɗa samfur da kiɗan hannu a Jos

Ƙungiyar da muke nufi ƙarama ce, mutum biyu zuwa huɗu, ba ta ƙarƙashin wani kamfanin waƙa. Kiɗanta haɗin gambiza ne: gurmi ko jita ko sarewa a hannun mutum, sai gutsattsarin sautin da aka naɗo daga wani wuri, wanda 'yan situdiyo ke kira samfur. Samfur na iya zama dukan guduma a rumfar maƙeri, ko kiran kwandasta a Taminus da ke tsakiyar Jos, ko muryar kaka a tsohon kaset ɗin biki. Duk rikicin wannan salo daga wuri ɗaya yake tasowa. Makaɗi yana saurare yana gyara hannunsa, na'ura kuwa kurma ce, abin da aka ɗura mata shi take amayarwa. Saboda haka kowace waƙa, kafin a naɗi komai, sai an yanke wa zai bi wa, a sauri da kuma a murya. Ra'ayinmu shi ne galibi na'urar ce ya kamata a lanƙwasa, domin ita ba ta gajiya da gyara, gurmi kuwa in aka tilasta shi bin ma'aunin fiyano sai ya rasa ɗanɗanonsa.

Kayan da ake fara aiki da su

Laftof mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 zai ɗauki nauyin. Sai akwatin sauti, wanda ke haɗa makirufo da laftof, mai ƙofa biyu irin Focusrite Scarlett 2i2, makirufo ɗaya mai jure duka irin Shure SM57, makirufo ɗaya na kwandensa don tsirkiya da murya, abin kunne mai rufe kunne ruf, da ƙaramar na'urar naɗa ta hannu irin Zoom H1n tare da hular gashinta ta tare iska. Makirufon kwandensa ba ya magana sai an danna maɓallin 48V a akwatin. Sau da yawa abin da ake zaton ya lalace wannan ne kawai. A manhaja, Audacity kyauta ce kuma ta isa yanka da gyara. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinta na ƙananan masu aiki dala 60. Wanda ba shi da laftof tukuna ya fara da Koala Sampler a waya. Na'urorin buga samfur irin Roland SP-404 da Akai MPC suna da daɗin hannu, amma su jira sai ƙungiya ta fara shigar da kuɗi.

Ku tsayar da ma'auni ɗaya tun ranar farko: 48 kHz, bit 24, fayil ɗin WAV. Awa ɗaya ta sauti mai tagwayen hanya, wato hagu da dama, tana cin kusan gigabait ɗaya a wannan ma'auni. In fayil na 44.1 ya shiga aikin 48 ba tare da an juya shi ba, zai ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, muryarsa ta hau kusan rabin taki ɗaya da rabinsa (rabin taki shi ne tazarar maɓalli da maƙwabcinsa a fiyano). Duk wanda ya ji samfur ɗinsa ya koma kamar muryar yaro haka siddan, nan zai fara dubawa.

Naɗo sauti a gari

A sa allurar na'ura tana kai wa tsakanin -12 da -6 dB, ma'aunin ƙarfin ƙara, a wurin da ƙara ta fi ƙarfi. Abin da ya daki sifili ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya ɗinkuwa. A kashe saitin da ke ɗaga ƙara da kansa, don shi ne ke kumbura hayaniyar baya duk lokacin da mai magana ya yi shiru. Matsowa kusa ya fi ƙara allura amfani: duk sanda ka rage tazara da rabi, sautin da kake so yana ƙaruwa da kusan dB 6, hayaniyar titi kuwa tana nan yadda take. Kowane wuri a ƙara naɗar daƙiƙa 30 na shirun wurin, za a buƙace shi wajen cike giɓi. Kafin a kashe, a faɗi rana da wuri da abin da aka naɗa a cikin makirufon, a kuma sa wa fayil suna a daren. Bayan wata uku babu mai tuna abin da ke cikin fayil mai lamba zalla.

Iskar Filato ba ta da kunya, musamman da hunturu. Soson da ke zuwa da na'ura ba ya tare ta, sai hular gashi, kuma a juya mata baya. In da waya aka naɗa, kada a tura ta saƙon murya a WhatsApp, don yana matse sautin ya zubar da samansa. A tura a matsayin fayil.

Akwai abin da ya fi allura muhimmanci. Muryar mutum tasa ce. A gaishe shi, a gaya masa abin da za a yi da ita, a naɗi amincewarsa da bakinsa, in kuwa muryar ce za ta zama ƙashin bayan waƙa, a rubuta a takarda a biya shi. Yara sai da iznin iyaye. Kada a ɗaga na'ura kusa da shingen jami'an tsaro. Kiran salla da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin coci kuma a bar su inda suke, kada a yanka su a ɗora kan ganga. Wanda ya san Jos ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Tsofaffin kaset-kaset na gida taska ce. A goge kan rediyon da auduga da sifirit kafin a kunna, a juya kaset gaba da baya sau ɗaya don zaren ya saki, sannan a naɗe shi dukansa a zama ɗaya. Rediyon da bel ɗinsa ya saki yana sa murya rawa, wani lokaci rawar ce ma daɗin, amma ku sani ba za ta zauna daidai da tsirkiya ba.

Sauri: wa ke bin wa

Nan ne ƙungiyoyi suka fi ɓata lokaci, don haka bari mu ɗan zauna.

Hanya ta farko ita ce samfur ya ja gaba. Ka yanko zagaye, wato guntun da za a riƙa maimaitawa, mai bugu huɗu, ka duba tsawonsa. Lissafin: 60 sau yawan bugu, a raba da daƙiƙoƙin. Zagaye mai bugu huɗu da ya ɗauki daƙiƙa 2.5 saurinsa 96 ke nan a minti, kowane bugu milisakan 625. Sai ka sa manhajar a 96, ba ka ja samfur ɗin ya dace da 120 da Reaper da Ableton ke buɗewa da shi ba. Jan sauti da ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari yana sa ganga ta yi kamar ana kaɗa ta a cikin ruwa, bakin bugun ya dushe. In dole sai an sauya sauri da yawa, a yayyanka zagayen bugu-bugu a sake jera su, kowanne da asalin tsawonsa.

Hanya ta biyu, wadda muka fi so ga gurmi da garaya da kalangu, ita ce mutum ya ja gaba. A bar makaɗi ya kaɗa yadda ya saba, babu ƙyas-ƙyas ɗin na'ura mai ƙirga bugu a kunnensa. Bayan an zaɓi ɗaukar da ta fi kyau, sai a bi ta gaɓa-gaɓa ana dasa alamar sauri a farkon kowace gaɓa, har layukan manhajar su dace da hannunsa. Waƙar minti huɗu na iya cin awa guda a wannan aiki. Sakamakon shi ne samfur zai riƙa numfashi tare da makaɗin, ya ɗan yi sauri a amshi ya lafa a baiti, yadda kiɗan gaske yake yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin layukan manhaja a rabon huɗu-huɗu. Kiɗanmu na gargajiya sau da yawa a kan uku-uku yake tafiya, abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8. In ka danna maɓallin daidaita bugu alhali layukan na huɗu ne, zai janye kowane bugu daga gurbinsa, kiɗan ya koma tafiyar gurgu, kuma ka rasa dalili. A sauya layukan tukuna. Ko an sauya ma, kada a daidaita ɗari bisa ɗari. Kashi 50 ya isa, ko a gyara bugun farko na gaɓa kawai a ƙyale sauran. Ɗan jinkirin da hannun mai ƙwarya ke yi shi ne gishirin.

Ƙaramin ƙas da ake ji duk lokacin da zagaye ya koma farko kuwa yankan ne ya faɗa tsakiyar igiyar sautin. Lafawar milisakan 3 zuwa 5 a baki da ƙarshe tana kashe shi.

Murya da yanayin gari

Mai gurmi yana ɗaure tsirkiyarsa daidai da maƙogwaronsa ne, bai damu da 440 Hz, ma'aunin da ake ɗaure fiyano a kai, ba. Kada a hana shi. A naɗi tsirkiyar da ba a danne ba, a duba a ma'aunin murya. Rabin taki an raba shi ɗari. In ma'aunin ya nuna tsirkiyar ta gaza da 30, sai a sauke jita da dukkan samfur masu murya da 30 ɗin. A rubuta lambar a cikin aikin. Har sautukan da ba a zaton suna da murya suna da ita: tukunya, ƙarfen maƙeri, hon ɗin Keke Napep. In waƙa tana yi maka tsami a kunne ka rasa daga ina, kashe samfur ɗaya-ɗaya, za ka kama mai laifin. Haka in aka gayyato mai kundung, kayan kiɗan Birom na jerin katako da ake duka, shi ba ya sake ɗauri, kowa shi zai bi.

Magana da Hausa kuma tana da nata karin. Harshe ne mai hawa da sauka, don haka jimlar da aka naɗo daga bakin dattijo ta riga ta zo da waƙarta. A saurare ta sau goma, a nemo hawa da saukarta a jita ko sarewa, a gina kiɗan a kai. Amma in aka yanka gaɓoɓin kalma aka sauya musu murya, ma'ana na iya juyewa, a sa bawan Allah ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Jos tana kan tudu na kimanin mita 1,200, kuma fata tana jin yanayi fiye da mutum. Da hunturu bushewa tana ɗaure fatar gurmi da ganga, murya ta hau. Da damina fata ta sha laima ta saki, murya ta faɗi ta dushe. Abin da wannan ke nufi a aiki shi ne duk sassan gurmi na waƙa ɗaya a ɗauke su rana ɗaya. Wanda ya ɗauki rabi a Janairu ya dawo ƙarasawa a Yuli zai tarar kamar kayan kiɗa biyu ne. Katakon jita yana son laima tsakanin kashi 45 da 55, hunturu kuwa yana sauka ƙasa da haka sosai, har fuskar jitar ta tsage. A ajiye ta a jakarta da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji, kada ruwan ya taɓa katako.

Ɗauka a ɗaki

Ɗakin da ke da katifa da labule da kaya ya fi fankon ɗaki mai tayil. Kwalin ƙwai a bango ba ya hana komai. A tafa hannu a tsakiyar ɗaki. In aka ji ƙarar tana karkarwa, a jingina katifa a bango ɗaya, a rataya bargo a bayan makaɗi. Ga gurmi da jita, makirufo ya tsaya santimita 20 zuwa 30, yana kallon inda wuya ya haɗu da jiki; in ya kalli ramin jita kai tsaye sai gurnani. Mai kalangu yana motsi yana matsa igiya da hammata, don haka a ba shi tazarar santimita 30 daga fuskar da yake duka. Sarewa a ɗauke ta daga sama kaɗan, a kauce wa iskar baki. In makirufo biyu ne a kan mutum biyu, tazarar da ke tsakanin makirufon ta ninka tazarar kowanne da mai shi sau uku, in ba haka ba sautin zai yi siriri idan aka haɗe.

Gurnanin da ba ya yankewa a ƙasan sauti na wutar lantarki ne, 50 Hz da 'ya'yansa 100 da 150. A zare cajar laftof a saurara. In ya ɓace, a yi ɗaukar a kan batir. A kashe firji da fanka. Ɗaki mai rufin kwano da damina kuwa a yi sammako, don ruwan ya fi sauka daga rana zuwa yamma.

A wajen haɗawa abu biyu kawai za mu ce. A yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz daga samfur na titi, don rugugin mota ne ke cinye wurin ganga. Sannan a saurari waƙar a lasifikar waya da hanya ɗaya, wato hagu da dama a haɗe, domin a nan yawancin mutane za su ji ta.

A dandamali

Waƙar da ta yi kyau a ɗaki na iya kunyata ku a gaban jama'a. Dogon kiɗan baya na minti biyar da aka kunna daga farko zuwa ƙarshe kurkuku ne: in mawaƙi ya makara da gaɓa ɗaya, ko jama'a suka ɗauki amshi ana son a maimaita, na'ura ta riga ta wuce. A yanka kowace waƙa gida-gida, a ɗora kowane gida a maɓallinsa, mutum ɗaya ya zama aikinsa ke nan, yana kallon makaɗa yana dannawa. Shi ma makaɗi ne, ya zo kowane gwaji.

In akwai zagayen da dole a bi, a raba fitar akwatin: hagu samfur zuwa miksa, dama ƙyas-ƙyas zuwa kunnen mai ganga shi kaɗai. A tabbatar an gaya wa mai miksa kada ya buɗe dama. A sa ma'ajin jinkirin akwatin, saitin da ake kira buffer, a 128, wanda a 48 kHz bai kai milisakan 3 ba; a 1024 ya haura 21, kuma mai dannawa zai ji hannunsa da kunnensa sun rabu. Sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, saboda haka makaɗin da ke jin samfur daga lasifikar da ke nesa da mita 7 zai riƙa makara ba da laifinsa ba. A matso masa da lasifikar ƙasa. Tsakanin akwatin da miksa a sa akwatin DI, mai daidaita sauti kafin ya shiga miksa, in gurnani ya taso a danna maɓallin cire ƙasa.

Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa, miksa da lasifika za su mutu, laftof kuwa zai ci gaba a kan batirinsa shiru. Kafin a tada janareto ya yi nisa. Don haka a ware maɓalli ɗaya na tsayar da komai, kuma kowace waƙa a koyi yinta da hannu zalla, a ci gaba da gurmi da ƙwarya har wuta ta dawo. A ajiye kwafin samfur duka a waya, a sa ta a yanayin jirgi. Lasifika ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Haƙƙi, rabo da kasuwa

Zancen da ke yawo cewa daƙiƙa biyar ko goma halal ne ba ya cikin doka. Kowane faifai yana ɗauke da haƙƙi biyu: na wanda ya ƙirƙiri waƙar, da na wanda ya mallaki naɗin. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, na farko yana nan har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mai shi, na biyu shekara 50 bayan shekarar da aka fara fitar da naɗin. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, ke nan waƙoƙinsa suna da kariya har ƙarshen 2085, kuma mai son yankar kuntiginsa sai ya nemi magada da masu faifan. Dokar ta kuma shafi adabin gargajiya idan za a yi kasuwanci da shi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, mai hedikwata a Abuja, ita ke da iko a kansa. Mafita mafi araha ita ce ku naɗi naku: a ɗauko mai kukuma a biya shi, a rubuta ko sayarwa ya yi ko yana da kaso. Samfur da aka saya a intanet kuma, wanda dubban mutane ke da shi, kada a yi wa waƙarsa rajistar Content ID, tsarin YouTube na gano waƙar wani a cikin bidiyo, don za ta riƙa kama waƙoƙin wasu.

Rabo a rubuta shi ranar da aka gama waƙa, tun kuɗi bai shigo ba: sunan waƙa, sunan kowa, kasonsa, sa hannu. Wanda ya yini a kasuwa yana naɗa ya kwana yana yanka ya yi ƙirƙira, a lissafa shi. Asusun rarraba waƙa a buɗe shi da imel na ƙungiya da mutum biyu ke da mabuɗinsa, a yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a kuma rubuta wa zai riƙe sunan in aka rabu. Marubutan waƙar su shiga MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa masu waƙa kuɗin haƙƙinsu.

Kada a fara da kundi mai waƙa goma sha biyu. Huɗu ko biyar sun isa gwada kunnen mutane. Audiomack ana ɗorawa kyauta; Spotify da Apple Music sai ta hannun mai rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore. A miƙa mako uku zuwa huɗu kafin ranar fita, da hoton murfi mai fiksel 3000 da 3000, don Spotify na son a gabatar wa masu zaɓen waƙoƙinsa aƙalla kwana 7 kafin ranar fita. Yana daidaita ƙara a kusan -14 LUFS, ma'aunin matsakaicin ƙarar waƙa, saboda haka matse waƙa don ta yi ƙara ba ya ƙara komai sai kashe bugun tsirkiya. Ƙololuwar ƙara ta tsaya a -1 dB. Tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, ba ta samun kaso a can, kuma irin wannan kiɗa ba mai tara miliyoyi ba ne.

Kuɗinsa yana wajen masu hoto. Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa tana Jos, ɗalibanta kullum suna neman kiɗan gajerun finafinai, haka masu shirin gaskiya da masu wasan daɓe a Jami'ar Jos. Wasannin zaune na mutum hamsin zuwa ɗari sun fi dacewa da ku fiye da filin biki, kuma cibiyoyin al'adu irin Alliance Française ta Jos da Institut Français a Abuja sun cancanci a aika musu bidiyon wasa kai tsaye na minti uku. Don masu fim, kowace waƙa a fitar da ita gida uku: cikakkiya, marar murya, da rarrabe, wato tsirkiya daban, ganga daban, samfur daban, duka a 48 kHz. A ajiye su wuri biyu, ɗaya a faifan waje da ba ya kwana gida ɗaya da laftof, tare da takardun amincewar duk wanda muryarsa ke ciki, domin mai fim zai tambaye su kafin ya biya.